Kiran Fura a Gonar Malam Shitu

Duk wanda ya ce maka Malam Shitu na Kibiya ɗan ƙwallo ne, ka tambaye shi wace ƙwallon yake nufi, don ba wadda samari ke bi da gudu ba ce. Shekara talatin da huɗu ya yi a Kano yana ɗaukar wa manyan mutane jakar sanduna a filin ƙwallon lambu, wasan nan da masu shi ke kira golf. Shi ke saɓa jaka, shi ke miƙa sanda, shi ke bin 'yar farar ƙwallo cikin ciyawa idan maigida ya buga ta ta yi nata wuri. Da gwiwa ta fara yi masa gardama, maigidansa na ƙarshe, wani tsohon Bakwara ɗan Labanan, ya sallame shi da kyautar jaka, da sanduna bakwai, da keken tura jakar mai ƙafa uku. Ya ɗaure su a saman mota ya dawo gida.

Mutanen gari sun ɗauka sayarwa zai yi ya sayi ɗan maraƙi. Ina. Kaka na wucewa, aka kwashe dawa aka share kara, sai ya fita gonarsa da ke kan hanyar Durba ya baje kunyoyi, ya haƙa ramuka shida, ya binne gwangwanin tumatir a kowanne, ya kafa kara da tsumma a kai. 'Yan majalisar ƙofar masallaci suka samu abin hira. Wani ya ce gafiya yake haƙo. Wani ya ce ƙwallon lambu babu lambu, ai sai a kira ta ƙwallon faƙo. Wani tsoho ya ce a ƙyale shi, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Shi kuwa Malam Shitu ko a jikinsa. Duk safiya in ya karya sai ya turo kekensa ta gabansu, ya yi sallama, su amsa suna danne dariya.

To, yana da 'ya, Nuriyya, malama ce a wata firamare a Rano. Mijinta Lukman direba ne, yana jigilar 'yan kasuwa zuwa Kano. Kullum kafin ta hau mota sai ta ajiye 'yarta a gidan iyayenta. Sunan yarinyar na yanka Khadijatu, sunan marigayiya mahaifiyar Malam Shitu ke nan, saboda haka bakinsa ba ya iya kama sunan. Inna yake ce mata, kowa ma ya bi shi.

Saura wata biyu Inna ta cika shekara uku, amma ba ta taɓa cewa uffan ba. Tana dariya, tana kuka, tana nuni da yatsa, in ka kira ta daga soro ta waiwayo, amma magana ko ƙala. An kai ta asibiti a Kano aka duba kunne, aka ce garau yake. An sha rubutu. Wata maƙwabciya ma ta ce a nemo ruwan da aku ya sha a ba ta, sai dai duk Kibiya ba a samu mai aku ba. Daga ƙarshe yayar Lukman da ke Kano ta ce a kawo yarinyar ta zauna a wurinta, akwai makarantar da ake koya wa irinsu magana. Aka tsayar da shawara: idan watan Sha'aban ya kama bakinta bai buɗe ba, Lukman zai kai ta.

Malam Shitu bai musa ba, don dangin uba su ke da iko da ɗa. Amma abin ya tsaya masa a rai. Ba ya so a raba shi da ita, kuma yana so ya ji muryarta da kunnensa, a gabansa, ba a waya ba.

"Ita ma tsohuwar haka take," in ji shi ga Nuriyya. "Sai ta wuni ba ta ce ci kanka ba. Ba ta buɗe baki sai ta ga an yi ba daidai ba."

"Baba, wancan ai hali ne. Wannan kuwa lalura ce."

"To. Allah ne masani."

Yadda aka yi Inna ta shiga harkar ƙwallo kuwa, daga wurin matarsa Asibi abin ya taso. Sana'ar ƙuli-ƙuli take yi, kaskon mai kullum a kan wuta. Wata safiya yana shirin fita ta tare shi a bakin ƙofa da yarinyar a hannu.

"Malam, ɗauke mini uwar nan taka. Jiya saura ƙiris ta tsoma hannu a mai. Kai da ba aikin fari ba na baƙi, sai bugun ƙwai a gona."

Rana ta farko goya ta ya yi da zanen Asibi. Ka ga dattijo da furfura, da goyo a baya, yana tura keke. Matan bakin rijiyar burtsatse har da masu zama a ƙasa don dariya. Wannan bai dame shi ba, abin da ya dame shi shi ne da ya juya zai buga, goyon ya juya tare da shi, ƙwallo ta tafi gonar rogon maƙwabci. Rana ta biyu ya shimfiɗa mata buhu a gindin marke ya zaunar da ita. Ya ɗaga sanda ke nan sai ya gan ta tsaye a gabansa, taku uku, tana kallon ƙwallon. Shi ya san nauyin 'yar farar abar nan, ya taɓa ganin ta fasa goshin ƙato. Ranar bai ƙara bugawa ba, ya ɗauke ta suka koma gida.

Washegari ya ɗora keken a mota sai Rano, wurin Isma'ila mai walda. Isma'ila ya zagaya keken sau biyu yana sosa ƙeya.

"Baba, wannan amalanken na asibiti ne?"

"Na wasa ne."

"Wasa da me?"

"Kai dai ka saurara. Kujera nake so a nan, tsakanin mariƙi da jaka, yadda idona zai kasance a kanta. Ka sa mata ɗamara, don mai kujerar ba ta san zauna ba. Ka sa wurin kafa lema. Ka ƙara masa birki, kada in juya baya ya gangara da ita."

"Kuma tayoyin nan sirara ba za su iya da ƙasar gona ba in an ƙara nauyi."

"Yanzu ka fara aiki da kanka."

Isma'ila ya yanke ƙafafun wata 'yar kujerar roba ya ɗaure ta a kan firam ɗin ƙarfe, ya ciro ɗamara daga kujerar wata matacciyar mota, ya sa tayoyin keken yara masu faɗi. Ya liƙa guntun bututu a gefe don lema, ya ƙara wani ɗan kwando na gorar ruwa. Da aka gama, Malam Shitu ya zaro sanda ɗaya daga jaka, ya daɗe yana juya ta a hannu, sannan ya miƙa.

"Yanke ta. Daidai nan."

"Baba, wannan ƙarfen ba irin namu ba ne. Ka tabbata?"

"Yanke, kafin in sake shawara."

Da zarto ya kama ƙarfen, Malam Shitu ya juya kai yana kallon titi. Sanduna bakwai suka koma shida da rabi, rabin kuwa na Inna ne.

Daga nan rayuwa ta yi musu daɗi, su biyun. Da hantsi zai ɗaure ta a kujera, ya buɗe mata lema mai ja da fari, ta riƙe guntuwar sandarta a kan cinya kamar mai unguwa zai fita zagaye. A gona sai ya taka birki, ya bar keken a bayansa taku goma, ta hannun da ƙwallo ba ta bi. In sun iso kusa da rami sai ya kwance ta, ya ajiye mata tata ƙwallon, ta yi ta dungurinta har ta faɗa gwangwani, ta leƙa, ta ɗago kai tana dariya. A gida kowa na damunta da "ce Mama", "ce Baba", "ce ruwa". Shi bai taɓa ce mata ta ce komai ba. A wannan wasan, in mutum zai buga, shiru ake yi masa, kuma duk shekarunsa a Kano bai taɓa samun abokin fili da ya iya shiru kamarta ba. Shi ne dai ke ta zuba: wannan mai ƙaton kan ta nesa ce, wannan mai kwanciyar baki ta tsallake kunya ce, wannan miƙaƙƙiyar ta bakin rami ce. Kafin mako uku, in ya tsaya yana tunanin wadda zai zaro, sai ya ga ɗan yatsa ya nuna. Sau da yawa kuma ita ce da gaskiya.

Akwai wata ƙa'ida ta wasan da Malam Shitu ba ya wasa da ita. Idan ka buga ƙwallo mai nisa, dole ka ɗaga murya ka yi gargaɗi, don wanda ke gaba ya kare kansa. Kalmar ta Turawa ce, gajeriya, ma'anarta a kauce. A bakin tsohon Bakwara ta samu karkarwar harshe, a bakin Malam Shitu kuma ta ƙara tsawo, har ta koma "Fooraa". Ko da kowa ko babu kowa, in ya buga sai ya kira, ya ce ƙa'ida ba ta san babu kowa ba.

To, a bayan duwatsun da ke gabas da gonar akwai rugar Fulani da suka sauka cin kara. Wata mai tallan nono, Jannatu, ta nan take bi zuwa gari. Wata rana tana tafe da ƙwarya a ka sai ta ji dattijo ya kwarara kira daga tsakiyar gona. Abin nema ya samu. Ta ratso kara ta iso, ta sauke ƙwarya, ta durƙusa.

"Baffa, ga ni. Ta nawa za a dama?"

Malam Shitu ya dube ta, ya dubi ƙwarya. Ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya ga ta riga ta fasa curi a ƙoƙo, ga Inna ta miƙa wuya daga kujera. Kunya ta hana shi. Ya ce a dama. Washegari ma haka, jibi ma haka. A rana ta huɗu ya daure ya ce:

"'Yar Fulani, ba fura nake kira ba fa. Cewa nake a kauce, ƙwallo na tafe."

"Baffa, ni dai fura na ji. In a kauce kake nufi, ka ce a kauce mana, ai da Hausa a bakinka."

"Ba haka ake yi ba."

"To, ni ma in an kira ni ba na ƙin zuwa."

Aka bar maganar a nan. Shi bai canza kalma ba, ita ba ta canza fassara ba, Inna kuwa ta yi kumatu. Kullum a rami na biyar, mai nisa, wanda ake bugawa wajen tsamiyar bakin hanya, zai kira, Jannatu ta ɓullo, su zauna su uku a inuwar lema da ba ta isa mutum ɗaya ba, ludayi na zagayawa. Labari ya kai majalisa, suka ce ashe duk wahalar nan ta Malam Shitu dabarar shan fura ce ba da sanin Asibi ba.

Rajab ya ƙare, aka ga watan Sha'aban. Bakin Inna bai buɗe ba.

Ranar Asabar aka sa. Lukman zai ɗauki fasinja bayan azahar, ya tafi da ita. An cusa 'yan kayanta a jakar bakko tun da safe. Malam Shitu ya roƙi a bar su su fita gona na ƙarshe, Nuriyya ta ce za ta bi su, don ta san halin mahaifinta, zai iya cewa rana ce ta yi musu gardama. Suka bi ta gaban majalisa, yau babu wanda ya yi dariya.

Ramuka huɗu na farko ya buga su ne kawai. Bai yi zuba ba. Yana tura keken yana kallon ƙeyar yarinyar da 'yan kitsonta biyu, yana tunanin gobe in ya fito da kujerar wayam. Zai cire ta ne, ko zai bar ta? Baƙin ciki ya cika masa ciki, kuma yana jin haushin kansa, don ya san tafiyar don amfaninta ce.

A rami na biyar ya taka birki. Inna ta nuna mai ƙaton kai. Ya zaro, ya kafa ƙwallo a kan ɗan turke, ya gyara tsayuwa. Nuriyya na tsaye a gefen keken tana duba agogon waya. Ya buga. Rabon da ya yi bugu mai kyau irin wannan tun yana Kano, ƙwallo ta tashi ɗoɗar ta nufi tsamiya. Shi kuwa hankalinsa na kan kujera, bakinsa a rufe. Shekara talatin da huɗu da ɗoriya, yau ne karo na farko da ya buga bai kira ba.

Jannatu ta ji labarin tafiyar yarinyar, saboda haka yau ba ta jira kira ba, ta taho yin sallama. Ta ɓullo daga bayan tsamiya da ƙwarya a ka, tana tafe daidai inda ƙwallon za ta sauka. Malam Shitu ya gan ta. Kafin ya buɗe baki, an riga shi.

"Furaa!"

Daga bayansa muryar ta fito, siririya, da 'yar dishewa, amma har tsamiya ta kai. Jannatu ta ja ta tsaya cak, don ba muryar da ta saba ji ba ce. Ƙwallon ta dira taku ɗaya a gabanta, ta yi tsalle ta daki gindin tsamiya. Ko ɗigon nono bai zuba ba.

Malam Shitu ya waiwaya a hankali. Inna ta miƙe iya inda ɗamara ta bar ta, ta ɗaga guntuwar sandarta sama. Wayar Nuriyya ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Nuriyya ta zube a gwiwa ta kama fuskar 'yarta da hannu biyu, tana kuka tana dariya.

"Inna, ke ce? Sake faɗa. Ce Mama. Don Allah ce Mama."

Inna ko kallonta ba ta yi ba. Jannatu ta iso tana salati, ta sauke ƙwarya, ta dama fura.

"Kun gani ko? Ni ta kira. Baiwar Allah fura take so, kuma yau ba ta sayarwa ba ce."

Ta miƙa ludayi. Inna ta ture shi gefe. Ta haɗe gira ta zuba wa kakanta ido. Ya matso ya tsuguna a gaban kujera, gwiwar na ƙara. Ta miƙa hannu ta kama leɓensa na ƙasa da yatsu biyu ta ja.

"Fura," in ji ta, ƙasa-ƙasa wannan karon.

Ya san wannan kallon. Ya san girar nan a fuskar mahaifiyarsa tun yana yaro, ranar da ya shiga ɗaki da takalmi, da ranar da ya wuce baƙo bai gaishe shi ba.

"Gaskiyarki, Inna," ya ce. "Na buga ban kira ba. Na yi laifi."

Sai a sannan ta saki leɓen, ta juya ta karɓi ludayi.

Nuriyya ta ɗauki wayarta ta karkaɗe, ta kira mijinta. Malam Shitu na jin ɓangarenta kawai.

"Ka tafi da fasinjanka. Ta yi magana. Wallahi, da kunnena. A'a, ba Baba ta ce ba. Ba Mama ba. Faɗa ta yi wa Baba." Ta saurara, tana share ido da gefen mayafi. "To. To, shi ke nan."

Ta sauke wayar ta dubi mahaifinta.

"Ya ce a bar ta a nan har bayan Salla a gani. Amma asibiti za mu riƙa kai ta, mu je mu dawo. Kalma ɗaya ba magana ba ce, Baba."

"Ban ce magana ba ce. Ku kai ta, ni zan ma raka ku."

"Kuma ni dai har yanzu fura na ji ta ce."

"Ni ma," in ji Jannatu.

Saura rami ɗaya, kuma ba a barin fili da saura. Ya saki birki ya tura keken zuwa gindin tsamiya, matan biyu na biye suna ta maimaita yadda abin ya faru, kowacce na gyara wa 'yar'uwarta. Ya ajiye ƙwallo, ya gyara tsayuwa, sai ya ga ƙwallon ta zama biyu a idonsa. Ya goge da hannun riga, ya ce rana ce. Kafin ya ɗaga sanda ya waiwaya. Inna na ƙarƙashin lema, bakinta duk nono, ta daina sha, ta kafe shi da ido tana jira ta ga ko zai kuma.

"Zan kira, Inna," in ji shi.

Shekara goma sha tara ke nan rabon da mai sunan ta yi masa faɗa, kuma sai yau ya san irin kewar da ya yi wa abin.